Gonar Tibiri da Tekun Komoro

Na san abin da kuke faɗi idan ba na wurin. Kuna cewa Baba ya sayar da gonar gado ta Tibiri ya tafi wanka a teku. Ban taɓa jin haushin maganar ba, don rabinta gaskiya ce: na sayar, kuma na shiga teku. Abin da ke tsakanin biyun ne ba ku sani ba, ni kuma na yi shiru har maganar ta kafe a haka. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya, gara ku ji daga bakin mai ita tun ina iya jera zance.

A shekarar da ta biyo bayan babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, ina aiki a fadamar noman rani ta Jiratawa. Ni ke riƙe da makullan famfunan da ke jawo ruwa daga ƙasa, ni ke cewa yau ruwa na wannan ɓangare ne, gobe na wancan. A da aikin ba shi da wata hayaniya, kowane manomi ya san ranarsa kamar yadda ya san ranar kasuwa. Amma da aka buɗe jam'iyyu, Maraɗi ta zama kamar tukunyar da aka rufe aka bari a kan wuta. Yau 'yan lakkwal, wato ɗaliban boko, sun fito titi, gobe ma'aikata na yajin aiki, albashi sai an gani, wutar lantarki kuma ta ɗauke ana tsakiyar ban ruwa. A Sabon Gari inda muke zaune, kowace kusurwa da lasifikarta, mutanen da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya suka raba majalisa. Kuma kowa ya gane abin da ni ban so in gane ba: wanda ke riƙe da ruwan manomi, yana riƙe da ƙuri'arsa.

Wana Alhaji Rabe, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga siyasa da ƙafa biyu. Ɗan kasuwa ne, motocinsa na kai hatsi Jibiya da Katsina su dawo da atamfa. Da mahaifinmu ya rasu shi ya hana a cire ni daga lakkwal, shi ya yi mani aure. Ban taɓa ce mashi a'a ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ja ni zaurensa.

“Lawali, ba cewa na yi ka hana kowa ruwa ba. Cewa na yi namu su fara sha.”

“Yaya, in wuta ta ɗauke, wanda bai fara ba ai an hana shi ke nan.”

“To wutar ni ke ɗauke ta? Kai dai ka yi abin da na ce. Su ma wancan ɓangaren in suka samu, ba za su tambaye ka ba.”

Ya yi gaskiya a nan, don mutanen ɗaya jam'iyyar su ma sun same ni a buro, wato ofis, da irin wannan buƙata, sai dai su da murmushi suka zo. Ban ce wa kowa e ba, ban ce a'a ba, ina ta sai gobe. Jikina ne ya fara amsawa a madadina. Na kasa zama wuri ɗaya. In na shimfiɗa tabarma sai in miƙe, in hau babur in tafi Jiratawa ba ranar aiki ba, in zagaya famfuna in dawo, in sake juyawa. Hannuna ya fara rawa har shayi na zuba mani a riga. Ku yara in kuka yi ihu a tsakar gida sai ƙirjina ya buga kamar an harba bindiga. Likita ya auna ni sama da ƙasa bai ga kome ba. Ya ce in ɗauki kwanje, wato hutun da na yi shekaru ina tarawa, in tafi inda ba wanda ya san sunana.

Ina da aboki ɗaya a irin wannan wuri. Sunansa Sa'idu, mutumin tsibiran Komoro ne, Musulmi, mun yi karatun aikin ruwa tare a Wagadugu muna samari. Shi ya gaji da aikin gwamnati tun kafin ni, ya koma yana koya wa baƙin wani otel yadda ake nutsewa ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya. Kowace shekara sai ya aiko mani da hoto, yana tsaye a jirgin ruwa da baƙar rigar roba, yana cewa in zo in ga ruwan gaske, ba wanda nake aunawa da cokali ba. A da dariya nake yi. Wannan shekarar na ɗauko hoton na kasa ajiyewa. Na je gidan waya na kira shi, ya ce masauki da abinci da kayan shiga ruwa duk nasa ne, ni dai in kawo kaina, kuma in zo na iya iyo.

Uwarku tana tankaɗe lokacin da na gaya mata. Ta ajiye rariyar.

“Malam, kai da ko gulbi ya kawo sai ka zagaya ta gada?”

“Zan koya.”

“In hutu kake so ka je Madarumfa ka zauna bakin tafki mana.”

“A Madarumfa ma Yaya zai aiko a kira ni, Hadiza.”

Ta dube ni, ta dubi hannuna da ke rawa a kan gwiwa, ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Haka na fara koyon iyo ina dab da shekara arba'in, a cikin babban kwamin siminti da muke tara ruwa a Jiratawa. Wanda ya koya mani wani manomi ne mai suna Nomau, tsohon masunci da ya bar su ya kama noman alkama da tattasai. Ya ɗaura mani gora a ciki ya ce in yi ta harbi kamar kwaɗo. Manoma suka riƙa barin aiki suna zuwa kallo. In na sha ruwa na fito ina tari sai su kwashe da dariya, wani ya ce mai rabon ruwa yau ya sha rabonsa. Abin mamaki, 'yan wannan jam'iyya da 'yan waccan tare suke zama a bakin kwamin, tare suke mani tsiya. A hankali Nomau ya cire goran. Ranar da na ratsa kwamin daga wannan baki zuwa wancan ba tare da na taɓa bango ba, ya jefa hularsa sama kamar ɗansa ne ya sauke Alƙur'ani.

Sai batun jirgi. Tafiyar ba ta ma'aikacin da ba a biya ba ce, kuma ba zan roƙi Yaya ba. Abin da na mallaka da hannuna shi ne rabona na gonar mahaifinmu a Tibiri. Kafin in yi wa kowa magana na tafi wurin Inna, kakarku, wadda ke zaune a gidanmu na can. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na gaya mata duka, ban rage ba. Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce ruwa da masu shi, don ita mutumiyar Tibiri ce ta gaske, ba ta wuce tsohuwar rijiya ba ta yi sallama ba. Sai ta tambaye ni, tana ta ɓararta:

“Can ƙasan, akwai ƙasa? Ko rami ne har abada?”

“Akwai ƙasa, Inna. Yashi ne da duwatsu.”

“To in akwai ƙasa ta Allah ce. Ni tun kaka nake kallon ka, a tudu ma nutsewa kake. Je ka. Amma gonar nan ubanka ya sare ta da hannunsa, kai za ka gaya wa Rabe, ba ni ba.”

Na gaya mashi a shagonsa na kasuwa, a gaban yaransa, don na san in mu biyu ne zai iya juya ni. Ya cire tabarau ya dube ni kamar bai san ni ba.

“Ana shirin zaɓe, gari na ci da wuta, kai kuma za ka sayar da gonar ubanmu ka je wasan kifi?”

“Ba ni da lafiya, Yaya.”

“Rashin lafiyarka ni ne, ko? Faɗi mana.”

Ban faɗa ba. Ya ce gonar ba za ta fita gidanmu ba yana raye, shi zai saya. Ya biya ni daidai da abin da baƙo zai biya, bai rage ba bai ƙara ba, a gaban shaidu, kamar bai taɓa goya ni ba. Abin da ya sa ke nan take hannun 'ya'yansa yau. Ba ƙwace ya yi ba, kada in ƙara jin wani cikinku ya faɗi haka.

Fasfo ya kusa hana ni tafiya. Na je Yamai na tarar ma'aikata na yaji, na zauna gidan wani ɗan garinmu ina zuwa ƙofar buro kullum ina dawowa. Sau biyu na ɗaure kaya zan koma Maraɗi. Da aka buɗe na samu, na hau jirgi zuwa Abijan, daga nan Nairobi, daga nan wani ƙaramin jirgi da ke rawa kamar tsohuwar motar kasuwa. Ta taga na fara ganin teku. Na yi ta neman ɗaya bakin ban gani ba, sai na tambayi kaina wace hauka ce ta kawo ɗan Tibiri nan.

Sa'idu ya tarbe ni, ya yi furfura shi ma. Tsibirin nasu baƙin dutse ne da itatuwan kwakwa, ko'ina ƙamshin kanumfari, masallatai farare a bakin ruwa. Matarsa ta dafa mana kifi da ɗanyar ayaba a ruwan kwakwa. Na fara ba shi labarin jam'iyyu da yajin aiki, ya ɗaga hannu ya ce su juyin mulki ma ya ishe su, in bar siyasa a cikin akwati. Washegari ya fara nuna mani kaya a wuri marar zurfi: gilashin da ke rufe ido da hanci, takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ɗamarar dalma da ke janyo mutum ƙasa, da bututun da ake cizawa a baki a ja iska daga tukunya. Ya koya mani toshe hanci in hura don kada kunne ya yi ciwo, da maganar hannu tun da baki a cike yake. Doka ɗaya ya yi ta nanatawa: kada in riƙe numfashi, kuma kada in taso da gudu kome ya faru, don iskar da ke ƙirji kumbura take in mutum na hawa.

Ranar da muka fita da jirgi muka sauka inda ya fi tsawon dogon gini zurfi, Sa'idu ya yi mani alama in cire gilashin in mayar, kamar yadda na yi sau da yawa a bakin gaɓa. Na cire. Ruwan gishiri ya shige mani hanci, idona ya rufe, duk abin da aka koya mani ya gudu. Na harba ƙafa zan yi sama. Sai na ji an riƙe ɗamarata. Na fizge, na kai mashi duka, na yakushe shi a wuya, bai sake ni ba. Ya danna mani bututun a baki da ɗaya hannun, ya riƙe ni a wurin har na fitar da iska na ja wata, sannan ya taso da ni a hankali kamar mai hawa da tulu daga rijiya. A cikin jirgi na yi ta amai, ina zaginsa da Hausar da ba ya ji.

“Zage ni da kyau,” in ji shi. “Da na sake ka, da gawarka zan aika wa matarka. A ƙasan nan ba a gudu, Lawali. Tsayawa ake a fitar da numfashi, sannan a yi tunani.”

Na ce na gama. Na yi kwanaki ina zirga-zirga a bakin teku, daga masallaci zuwa kasuwar kifi, daga kasuwa zuwa masallaci, irin yawon da nake yi a gida, babur ne kawai babu. Na ga na rabu da gona, na rabu da wana, don in zo in yi amai a jirgin mutane. Na je na kira gidan maƙwabcinmu mai tarho, aka kira mani uwarku. Ta ce kuna lafiya. Na matsa mata, sai ta ce wanda na bar wa makulli ya bi maganar Yaya, ɓangaren su Nomau bai ga ruwa ba tun da aka shuka alkama, har an yi dambe a bakin famfo an fasa wa wani kai. Na ajiye wayar na ruga wurin masu jirgin sama. Suka ce babu wuri sai mako mai zuwa. Na fito na tsaya a titi, ba gaba ba baya. Ban san abin da zan yi da jikina ba. Da na rasa inda zan sa shi, na koma wurin Sa'idu na ce ya ba ni kayan.

Wannan karon na sauka ina riƙe da igiya, ina hura kunne, ina jin numfashina kaɗai, shiga da fita, da kumfa na wucewa ta gefen fuskata. A ƙasa na durƙusa a yashi, na cire gilashin da kaina ba a ce mani ba. Ruwa ya taɓa hancina, ƙirjina ya ce tashi. Na zauna. Na fitar da iska, na ja wata, na mayar da gilashin na hure ruwan. Da na buɗe ido sai ga duniya. Murjanin nan da mata ke sawa a wuya, ashe danginsa abu ne mai rai, ga shi nan gari guda, wani kamar reshe, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar sa. Kifaye rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa suna wucewa ta gabana, ba wanda ya kula da ni. Wata ƙatuwar kififiya ta zo tana cin wani abu a jikin dutse, ta juyo ta dube ni da ido ɗaya, ta ci gaba da cinta. Ba lasifika, ba mai kiran sunana, ba mai neman kome a wurina. Na ɗaga hannuna gaban gilashi na duba. A tsaye yake cak. Na yi tasbihi da bututu a baki, na sha ruwa kaɗan, ban damu ba. Daga ranar kullum sai na shiga, har jirgina ya zo.

Ba zan ce maku teku ta gaya mani abin da zan yi ba. Na san shi tun a zauren Yaya. Abin da na samo kawai shi ne na iya tsayawa a inda ƙirjina ke cewa in gudu. Washegarin isowata Maraɗi na tafi Jiratawa na karɓi makullaina. Alkamar su Nomau rabi ta ƙone, shi kansa ya gaishe ni ba tare da ya dubi fuskata ba. Na tara manoma a bakin kwami na ce daga yau ruwa zai koma bin rana kamar da, in wuta ta ɗauke, wanda aka tsaya a kansa da shi za a fara in ta dawo. Wasu samari 'yan jam'iyyar Yaya suka tare ƙofar ɗakin famfo, ɗaya da sanda a hannu. Na ji bugun nan ya taso. Na tsaya a gabansu ban ce kome ba, ina numfashi, har shirun ya yi masu yawa suka matsa. Na buɗe, ruwa ya gangara ɓangaren su Nomau.

Abin da aka ceta an ceta. Bayan zaɓe waɗanda Yaya ya bi suka samu bakin magana, ba a daɗe ba aka yi mani canjin wurin aiki zuwa can gabas, bayan Difa, inda ba gidan da zan sa iyali. Ranar tafiya ina tasha da jakata sai ga motar Yaya. Bai fito ba, ya sauke gilashi ya yafito ni.

“An tambaye ni kafin a tura ka. Na ce ba ruwana.”

“Na sani, Yaya.”

“Ka sani, kuma ba ka zo ba.”

“Da na zo me za ka ce?”

“Da na ce ka ba ni makulli.” Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. “Hadiza da yara su koma gidana. Ba za su kwana da yunwa ba. Allah ya kiyaye hanya.”

Ya cika alkawari, kun fi ni sani. Ni kuma na yi shekaru a can, hanya ba tsaro, hutu ba tabbas, sai in yi sallah biyu ban gan ku ba. Na bar uwarku da tsohon ciki. Ranar da aka dawo da ni gaba ɗaya, na yi sallama a tsakar gida da ƙura a kaina, manyanku suka rugo. Ke Rakiya kika ɓuya bayan zanen uwarki kina leƙe na, har na zauna aka kawo ruwa. Sai kika ja ta kika tambaya da ƙarfi, kowa na ji:

“Inna, baƙon nan a nan zai kwana?”

Uwarku ta ce a nan zai kwana. Sai da damina ta shigo ta fita kafin ki yarda in ɗauke ki.